KAFIN KA ZUBA KUƊINKA A NOMAN BUTUTU

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda ke sauri ya adana shi sai ya samu natsuwa.

Kwanakin nan duk inda ka leƙa, Facebook ne ko TikTok, sai ka ci karo da bidiyon latas kore shar yana leƙowa daga fararen bututai, ko tumatir yana reto a gidan leda kamar zana shi aka yi. A ƙasa an rubuta: noma babu ƙasa, babu jiran damina, babu ciyawa, babu ƙwari. Sunansa haidiroponik. Daga ƙarshe kuma ga lambar asusu, wai ka biya kuɗin horon kwana uku, a kafa maka kayan, ka zauna kana ƙirga riba. Tun ina wucewa har abin ya fara damuna, domin masu tambayata a inbos ba attajirai ba ne da kuɗi ya yi wa yawa. Matasa ne da suka gama bautar ƙasa babu aiki, da 'yan fansho da suka karɓi giratuti, da matan aure da suka kwashi adashe. Har da mai shirin sayar da fili. Fili fa!

To ga matsayina tun da wuri, kada wani ya ce baƙin ciki nake yi da cinikinsa. Haidiroponik ba ƙarya ba ne. Shuka tana girma a ruwa, tana kuma ba da amfani mai kyau. Abin da masu talla ba sa faɗa shi ne, duk aikin da ƙasa take yi wa manomi kyauta ya dawo wuyanka kai kaɗai. Ƙasa tana da haƙuri. Ka zuba taki fiye da ƙima ta shanye wani, ka makara da ban ruwa ta riƙe laima kwana ɗaya ko biyu. Ruwan tanki ba shi da wannan haƙurin ko kaɗan. Wanda bai iya duban ganyen tumatir a lambu ya gane me ke damunsa ba, bututu ba zai koya masa ba, asararsa kawai zai hanzarta.

Kuma abin ba sabo ba ne kamar yadda ake nuna mana. Tun wajen 1860 wasu masana biyu a Jamus, Sachs da Knop, suka raini shuka a ruwan da aka narkar da sinadarai a ciki, don su gane abin da take ci. A 1937 wani malami a jami'ar Kalifoniya mai suna Gericke ya yaɗa sunan haidiroponik, jaridun Amurka suka ɗauka suna zuzutawa, kamar dai yadda ake yi mana yau. Shekara ɗaya bayan haka, wasu malamai biyu na wannan jami'ar, Hoagland da Arnon, suka fitar da ɗan littafi a kan hanyar, suka nuna cewa idan ka ba wa shuka ƙasa mai kyau da kulawa iri ɗaya, ta ruwan ba ta fi ta da wani abin a-zo-a-gani ba. Shi wannan Hoagland ɗin har yau da haɗin ruwansa ake aiki a ɗakunan bincike. Wato mutumin da ya fi kowa sanin abin shi ne ya fara cewa a rage zuzutawa.

Bari mu shiga cikin shukar kanta. Abubuwa 17 take buƙata kafin ta rayu ta yi 'ya'ya. Uku daga iska da ruwa take samunsu, kuma su ne mafi yawan jikinta, ganye ne ke haɗa su da hasken rana. Sauran 14 ta saiwa suke shiga. Mu dai uku muka sani, waɗanda aka rubuta a buhun kamfa: naitirojin, fosfaras, fotashiyam. Bayansu akwai kalsiyam da maganiziyam da salfa, sannan ƙanana irin su sinadarin ƙarfe da zink da boron, waɗanda ɗan mitsitsi ake buƙata amma in babu su shuka ta tsaya cak. A lambu ba ka taɓa sayen yawancinsu ba, saboda ƙasa da takin gargajiya suna bayarwa ba tare da ka sani ba. A bututu kuwa, abin da ba ka zuba ba babu shi.

Shi ya sa idan ka ji wani yana koyar da cewa ka jiƙa kamfa da yuriya a jarka ka yi haidiroponik, ka san bai taɓa kai shuka girbi da shi ba. An yi kamfa ne don ƙasa, ba ya narkewa tas, kuma babu isasshen kalsiyam da ƙananan sinadaran nan a cikinsa. Ita kuma yuriya sai ƙananan halittun cikin ƙasa sun sarrafa ta kafin saiwa ta amfana da ita yadda ya kamata, in ta taru a ruwa tana iya ƙona saiwa ma. Takin haidiroponik na gaskiya mai narkewa ne gaba ɗaya, yawancinsa daga waje ake shigo da shi, farashinsa dala yake bi. Kuma kashi biyu yake zuwa, A da B. Ba ado ba ne. Mai kalsiyam ɗin idan ya haɗu da mai salfa ko mai fosfaras alhali suna da kauri, sai su dunƙule su zama farin gari ya kwanta a gindin tanki, kuɗinka ke nan ya zama alli. Kowanne da jarkarsa, sai a cikin babban tankin ruwa suke haɗuwa, ɗaya bayan ɗaya.

Sai maganar ruwa, wadda a ganina ita ce ta fi komai, ita ce kuma ba a taɓa ambata a talla. Ruwa yana da ma'aunin tsami da kanwa, shi ake kira pH. Lamba 7 tsaka-tsaki ne, ƙasa da haka ya karkata ga tsami, sama da haka ya karkata ga kanwa. A haidiroponik tsakanin 5.5 da 6.5 ake so. Da zarar ya haura 7, sinadarin ƙarfe yana nan a cikin ruwan amma saiwa ba ta iya ɗaukarsa, sai ka ga sababbin ganye suna fitowa ruwan ɗorawa jijiyoyinsu kuma kore. Mutum ya ɗauka yunwa ce ya ƙara taki, ya ƙara dagula lamarin. Ruwan rijiyoyinmu da na bohol ba iri ɗaya ba ne, na wata unguwa mai daɗi ne, na wata kuma zartsi ne, ko sabulu ba ya kumfa sosai a cikinsa. Masu cewa a matsa lemon tsami a gyara, eh yana saukowa, amma kafin kwana biyu ya koma inda yake, don ƙwayoyin cikin ruwan sun cinye shi. Masu sana'ar da gaske asid na musamman suke amfani da shi, shi kuma ba abin ajiyewa ba ne a inda yara ke wasa.

Ma'auni na biyu shi ne EC, wanda ke nuna yawan gishirin da ya narke a ruwa, domin shi taki ai gishiri ne a wajen shuka. Latas yana son wajen 1.2 zuwa 1.8, tumatir mai 'ya'ya kuma wajen 2 zuwa 3.5. Idan ruwan rijiyarka tun kafin ka zuba komai ya riga ya kai 1, ina za ka sa takin latas ɗin? Ga kuma zafinmu. Shuka tana shan ruwa da yawa ta bar gishirin a baya, kullum abin da ya rage a tanki ƙara kauri yake, har ya kai ga saiwa ta kasa jan ruwa, shuka ta yanƙwane alhali tana tsundum a cikin ruwa. Wanda zai yi wannan sana'a ba shi da mitar pH da ta EC, kuma ba zai auna kullum da safe ba, gara ya sayi awaki.

Ga wata dabara da za ta amfani kowa, mai bututu da mai lambu. Idan ganye ya canja launi, fara duba wanne ne, tsoho na ƙasa ko sabo na sama. Naitirojin da fotashiyam da maganiziyam shuka tana iya kwaso su daga tsohon ganye ta kai wa sabo, saboda haka ƙarancinsu a ganyen ƙasa yake fara bayyana. Kalsiyam da sinadarin ƙarfe da boron kuwa inda suka zauna nan suke zama, don haka ƙarancinsu a toho yake nunawa. Wannan kaɗai ya isa ya hana ka sayen abin da ba shi ne maganin ba.

Yanzu ga inda yawancin gonakin bututu suke mutuwa a ƙasarmu: zafi da wuta. Saiwa numfashi take yi kamar ni da kai, oksijin take shaƙa. Ruwa mai ɗumin digiri 20 yana riƙe kimanin miligiram 9 na oksijin a kowace lita, idan ya kai digiri 30 sai ya sauko wajen 7 da rabi, a daidai lokacin da buƙatar saiwar ke ƙaruwa saboda zafin. Ka tuna yadda ruwan baƙin tankin roba yake da azahar a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato, ko alwala ba ka iya yi da shi. A irin wannan ruwa cutar ruɓewar saiwa take yaɗuwa. Lafiyayyar saiwa fara ce tas, idan ka ga ta koma ruwan ƙasa tana yauƙi tana wari, an gama. Kuma da yake ruwa ɗaya ne ke zagaya duk shukokin, abin da ya kama ɗaya ya kama duka. Dole a binne tanki a ƙasa ko a yi masa inuwa, bututu ya zama fari, kada haske ya shiga ruwan don gudun gansakuka.

Irin tsarin da aka fi nuna mana a bidiyo, wanda siririn ruwa ke gudana a gindin bututu, a Ingila aka ƙirƙiro shi, ƙasar da ba a ɗauke wuta, rana kuma sai an yi marmarinta. Famfo ya tsaya da tsakar rana a nan, saiwa a waje take babu ƙasar da za ta riƙe mata laima, cikin 'yan sa'o'i aikin wata guda ya tafi. Ka dogara da NEPA? Haba. Sai sola da batir, da famfo na biyu a ajiye. Ka tambayi mai tallan ko ya saka wannan a lissafin da ya ba ka.

Akwai hanyar da ba ta buƙatar wuta, wadda wani malamin jami'ar Hawayi mai suna Kratky ya yi suna da ita. Bokiti ne mai murfi, ka cika da ruwan taki, ka huda murfin ka zaunar da dashen latas saiwarsa tana taɓa ruwan. Yayin da shukar ke sha ruwan na raguwa, sai sarari ya samu tsakanin murfi da ruwa, saiwar sama ta riƙa shan iska a nan, ta ƙasa tana shan ruwa. Kuskuren da ake yi shi ne tausayi: mutum ya ga ruwa ya ja baya ya sake cikawa har baki, ya nutsar da saiwar da ke numfashi, shuka ta mutu. A rufe ko'ina da kyau kuma, in ba haka ba ka buɗe wa sauro gidan haihuwa a tsakar gidanka. Ni duk mai son shiga harkar nan da bokiti goma nake cewa ya fara, a lokacin sanyi, ya kai su girbi sau uku a jere. In ya iya, mu yi maganar bututu.

Gidan leda ma haka. Turawan Holan sun gina nasu ne don su tsare ɗumi saboda sanyi ke damunsu. Mu zafi ke damunmu, sai a kawo mana gajeren gida a rufe ruf da leda, a watan Maris ya zama tanda. Tumatir kuwa idan zafin rana ya wuce digiri 32 zuwa 35, dare kuma bai yi sanyi ba, garin furensa lalacewa yake, furen ya kaɗe. Ka ga shuka kore shar har ta fi ka tsawo, babu ɗa ko ɗaya. Wannan ne ma dalilin da ya sa tumatirin Kadawa da Kura yake albarka da hunturu, daren sanyi ne sirrin, ba wani abu ba. Gidan da ya dace da mu dogo ne, gefensa raga ce mai ƙananan ƙofofi ba leda ba, samansa da mafitar iska mai zafi, da ragar inuwa a lokacin bazara. Kuma tunda babu iska babu ƙwaro mai girgiza fure a ciki, sai ka bi da hantsi kana kaɗa igiyoyin da tumatir ɗin ya hau don furen ya ɗauka.

Maganar babu ƙwari kuwa, wallahi ita ta fi ba ni dariya. Ciyawa ce babu, cututtukan ƙasa ma an rage su. Amma farin ƙuda da ke kawo cutar nannaɗewar ganye, da ƙananan gizo-gizon nan ja masu son zafi da fari, ba ruwansu da ko saiwarka a ƙasa take ko a ruwa. A rufaffen gida ma sun fi jin daɗi, babu ruwan sama da zai wanke su.

Sai kuma Sharon, wadda masana ke kira Tuta absoluta. Daga Kudancin Amurka ta fito, ta shiga Sifen a 2006, ta bi ta Arewacin Afirka har ta iso mu. Duk mai hankali ya tuna 2016, lokacin da ta share gonakin tumatir har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kanta, 'yan jarida suna kiranta Ebolar tumatir. Ta sake dawowa da ƙarfi a 2023 da 2024, kowa ya ji a tukunyarsa. Abin da ya sa take gagarar feshi shi ne tsutsar cikin ganyen take shiga, tsakanin fatar sama da ta ƙasa, ko ta huda ɗan tumatir ta zauna. Macen malam-buɗe-littafin guda tana iya yin ƙwai sama da 200, a zafi kuma cikin kimanin wata ɗaya an yi sabon zubi. Manomi ya ga maganin bai yi ba, ya ninka, ya fesa yau ya fesa jibi, waɗanda suka tsira su haifi masu taurin kai. Canja sunan kwalba ba canja magani ba ne, kamfani goma suna iya sayar da sinadari ɗaya da suna goma. A duba sunan sinadarin da lambar rukuninsa a jikin kwalbar, a riƙa sauya rukuni, a yi feshin da yamma. A kafa tarkon ƙamshi mai janyo mazajen don a san ranar da suka iso, kafin a ga ɓarna. A tsinke ganyen da ya kamu a binne. Bayan girbi kada a bar karan tumatir a tsaye yana renon ta, a tuna kuma tana cin yalo da dankalin turawa. Duk wannan aikin yana kan mai gidan leda kamar yadda yake kan mai fadama.

Wani zai ce ai a Turai da Amurka abin ya karɓu. Ya karɓu a wasu wurare, musamman Holan, inda akwai jami'ar Wageningen a bayansu, da ƙungiyoyin manoma, da kasuwa a bakin ƙofa. Su ma a 2022 da iskar gas ta yi tsada da yawansu rage noman hunturu suka yi. A Amurka kuwa, a shekarar 2023 kaɗai, AeroFarms da AppHarvest, kamfanoni biyu da aka zuba wa ɗaruruwan miliyoyin dala, duka sun je kotu neman kariyar karayar arziki. A Jamus ma Infarm ya durƙushe a wannan shekarar. Shukarsu ba ta ƙi girma ba. Kuɗin wuta da na ma'aikata da na kayan ne ya fi abin da latas ke kawowa. Waɗannan mutane ne masu wuta awa 24.

Mu kuma da wa za ka yi gasa? Da mutumin Kura da ke ban ruwa daga madatsar Tiga, wanda daga Janairu zuwa Maris yake kai kwanduna Kwanar Gafan wani lokacin ko kuɗin mota ba su fitar ba. Mai sayen tumatirin miya ba ya tambayar ko a bututu aka noma. Matsalar tumatir a Arewa dama can ba rashin iya nomansa ba ce, ya yi yawa a wata uku, ya ɓace a sauran. Ko masana'antar Dangote da aka buɗe a Kadawa a 2016, mai iya markaɗa tan 1,200 a rana, ta sha tsayawa saboda rashin isasshen tumatir a kan kari. Saboda haka in akwai riba, tana cikin watannin da babu, daga ƙarshen bazara zuwa tsakiyar damina, kuma su ne watannin da suka fi wuyar noma. Nan ilimi yake biyan kuɗinsa.

Kafin na manta, akwai ƙanwar wannan talla, wato ciyawar dabbobi ta tire. A jiƙa hatsi, kwana bakwai ya tsiro, a ce maka kilo ɗaya ya zama shida ko bakwai. Ruwa ne ya ƙaru, malam. Ka shanya shi ya bushe ka auna, bai kai nauyin hatsin da ka jiƙa ba, don ƙwayar ta ƙona wani ɓangare na abincinta wajen tsirowa. Yana iya zama ɗan ƙarin ɗanyen abu da rani, amma bai ninka abinci ba. Ga fumfuna in wurin ya yi ɗumi. Kuma don Allah kada a yi da dawa. Tsiron dawa yana da guba mai kashe dabba, duk makiyayin da ya san abin da gyauron dawa ke yi wa saniya ya san wannan.

To ina abin ya dace? Ya dace da mai ganyayyaki masu saurin girma a cikin birni, wanda ya riga ya samu otal ko kanti ko gidajen da za su saya a farashi mai kyau, ba wanda zai nemi kasuwa ranar girbi ba. Ya dace da wuraren da ruwa mai tsafta ya yi ƙaranci, domin tsarin da ke juya ruwa yana cin kaɗan ƙwarai. Mu da muka san yadda ake ban ruwan ganye da ruwan Jakara a Kano bai kamata mu raina wannan ba. Ya dace da samar da iri mai tsafta, kamar yadda cibiyar IITA ta Ibadan take yi da irin doya. Ya kuma dace da gonar da cutar ƙasa ta cinye. Ka tuge tumatir ka ga saiwarsa duk ƙulli-ƙulli, ko ka ga shuka ta yanƙwane farat ɗaya alhali ganyenta kore ne. Yanki karan ka tsoma a kofin gilashi mai ruwa, in ka ga wani farin abu kamar madara yana zubowa daga yankan, cutar bakteriya ce, kuma tana daɗewa a ƙasar. A nan sai a koma buhu. A cika shi da buntun shinkafa da aka ƙona ya zama gawayi, ba toka ba, a gauraya da wankakken yashi, a ɗora a kan leda kada ya taɓa ƙasar, a ba shi ruwan taki ta ɗigo. Shi ma noma ne babu ƙasa, sai dai buhun yana riƙe laima in famfo ya tsaya, buntu kuma ga shi nan tsibi-tsibi a bayan injinan casar shinkafa.

Amma abin da na fi so matasanmu su gane shi ne, wannan ilimin da ake sayar musu da sunan bututu, a lambu ya fi saurin biya. Ɗauki reno. Yawancinmu watsa iri muke a gado a fili, farin ƙuda ya sa masa cuta tun yana ɗan mako biyu, a tuge shi saiwa ta tsinke, a dasa ya yi mako yana jinya. Ka raini irin a tire mai ramuka a ƙarƙashin raga, kowanne da dunƙulensa, bayan mako uku zuwa huɗu ka dasa da yamma, washegari kamar ba a taɓa shi ba. Irin zamani mai tsada ba ka asarar ko ƙwaya. Wannan kanta sana'a ce, matashi zai iya renon dashe yana sayar wa masu lambu, jarinta bai kai rabin rabin na gidan leda ba, masu saye kuma ga su nan a fadama.

Ɗauki kuma baƙin tabon nan da ke fitowa a gindin ɗan tumatir ko tattasai. Mutane suna ta feshi a kansa, alhali ba ƙwaro ba ne ba kuma cuta ba. Kalsiyam ne bai isa ɗan ba, kuma sau da yawa ba don babu shi a ƙasar ba. Shi kalsiyam ruwa yake bi, in ka bar gona ta bushe ƙayau sannan ka malala mata ruwa, ka sake barinta, tafiyarsa yankewa take. Ban ruwa kaɗan-kaɗan a kan kari, da rufe gindin shuka da ciyawa ko buntu, ya fi kowace kwalba. Yawan yuriya ma yana ƙara shi, ga shi yana sa ganye ya yi yabanya mai laushi da ƙwari ke so, fure ya yi ƙaranci. Mai tumatir da ya fara 'ya'ya fotashiyam ya fi buƙata. Sannan kwanakin da aka rubuta a kwalba tsakanin feshi da tsinka, a kiyaye su saboda Allah. 'Ya'yanmu ne ke cin wannan salak ɗin ɗanye.

Gwamnatoci da 'yan majalisa masu rabon tallafi, ku ma ga taku. A tara matasa a otal, a nuna musu bututu a majigi, a ba su satifiket da hoto, wannan ba koyar da noma ba ne. Muna da cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya, muna da NIHORT da reshenta a Bagauda, muna da tsangayoyin noma a jami'o'inmu. Kuɗin taro guda zai sayi mitoci masu yawa a ba wa malaman gona, a kai su kasuwannin ƙauye ranar kasuwa, manomi ya zo da ruwan rijiyarsa a gora da ƙasar gonarsa a leda a auna masa nan take. Malaman gonan ma nawa suka rage, yaushe rabon da a ɗauki sababbi?

Wanda duk da haka ya ce shi sai ya yi, ba laifi, kuɗinsa ne. Amma kafin ka tura ko sisi, ka ce a kai ka gonar da suka kafa wa wani ta shekara biyu tana aiki, ba tasu ta ɗaukar hoto ba, kuma ka je a watan Afrilu da rana tsaka, ba Disamba ba. Ka keɓe da mai gonar ka tambaye shi nawa yake kashewa a taki da wuta a wata, wa yake sayar wa, sau nawa ya yi asarar zubi gaba ɗaya. Ka ɗaga shuka ɗaya ka duba launin saiwarta. Ka tafi da ruwan gidanka a gora ka ce su auna a gabanka, ka ga ko suna da mitar ma.

Masu lambu na Kura da Garun Malam da Ɗanja da Zariya da sauran wurare, duk wanda ya taɓa auna pH ko EC na ruwan da yake ban ruwa da shi, ya rubuto mana lambar a ƙasa tare da sunan garin, da ko rijiya ce ko bohol ko kogi. In sun taru zan jera su a rubutu na gaba, in sha Allahu.